Ido na da nasa harshen, kada a mai da kunyarmu laifi

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ɗan fili a shafin wasiƙu in amayar da wata magana da ta kwana biyu tana cina. Sana'ata ɗaukar hoto. Na shige ta a 1976 ina yaron shago a Fagge, na rufe nawa shagon a 2016 lokacin da yana ta fara rufe mini idon dama. Shekara 40 ke nan ba ni da aikin yi daga hantsi zuwa magariba sai leƙen idanun mutane ta cikin gilashin kyamara. Don haka in ana zancen ido, ina ganin ina da ta cewa.

Jikana ne ya taso da zancen, ɗan babbar 'yata. Ya gama digiri, ya gama bautar ƙasa, wani kamfani a Abuja ya kira shi jarrabawa. Ya ci ta rubutu, aka ce ya zo ganawa da manyan wurin su huɗu. Bai samu aikin ba. Wannan ba komai, rabon wani ne. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne dalilin da ɗaya daga cikinsu, wata mata da ta tausaya masa, ta faɗa masa a bakin ƙofa. Ta ce amsoshinsa ba laifi, amma tun da ya shigo har ya fita bai kalli kowa a ido ba, sai suka ɗauka ko dai bai yarda da kansa ba, ko kuwa akwai abin da yake ɓoyewa. Da ya dawo Kano ya same ni bayan isha'i a kan tabarma a ƙofar gida, ya tsuguna ya ce, "Alhaji, wai laifina ban kalle su ba. Biyu daga cikinsu fa sa'annin Babana ne." Yana faɗar haka ma kansa a ƙasa yake, yana jan zaren bakin tabarma.

Daren nan ban yi barcin kirki ba. A gidana uwarsa ta koyi wannan sunkuyar da kai, ita kuma ta koya masa. Abin da muka ba yaro a matsayin tarbiyya, shi aka auna aka ce nakasu ne.

Wanda bai san mu ba zai iya zaton Bahaushe tsoron ido yake. To ya saurari bakinmu ya ji. Muna da kallo, muna da dubi, muna da leƙe, da hange, da harara, da ƙura ido, da zuba ido, da satar kallo ta wutsiyar ido. Budurwa tana fari da ido, mai jin daɗi yana lumshe ido, mai tsoro yana zare ido, wanda ya shiga uku idonsa ya raina fata. In an ce yaro yana da tsaurin ido an gama zaginsa, in an ce mutum ya cika ido an gama yabonsa. Akwai kallon hadarin kaji, akwai kallon sama da ƙasa, akwai aikin ganin ido, akwai idon sani. Mutanen da ba su damu da ido ba ba za su tara masa kalmomi haka ba. Mun san nauyinsa ne, shi ya sa ba ma watsa shi ko'ina kamar tsabar kaji. Duk wanda ya tashi a gidan Hausa ya san uwa tana iya hana ɗanta karɓar nama a hannun baƙo ba tare da ta buɗe baki ba. Ido ɗaya za ta yi masa daga bakin murhu, ya janye hannunsa, baƙon ma bai san an yi ba. Ni kaina har na yi furfura ina tuna irin wannan kallo na mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, kuma har yau in na tuna sai na gyara zama.

Addini ma a nan ya ajiye mu. A Suratun Nur, aya ta 30 da ta 31, an umarci muminai maza su runtse daga ganinsu kafin a umarci mata. A Suratu Gafir an ce Allah yana sanin ha'incin idanu da abin da ƙiraza ke ɓoyewa. Amma wanda ya fi taɓa ni shi ne maganar Amru ɗan Asi, Allah ya yarda da shi, da yake kan gadon ajali, wadda Imam Muslim ya ruwaito. Ya ce bayan ya musulunta babu wanda ya fi so kamar Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, amma bai taɓa iya cika idonsa da kallonsa ba saboda girmamawa, har da za a ce ya siffanta shi ba zai iya ba. Wannan fa mutumin da ya ci Masar da yaƙi ne. Wa zai ce Amru bai yarda da kansa ba? Kuma addinin nan da ya ce a runtse, shi ne ya ce wa Mugira ɗan Shu'uba ya je ya kalli matar da yake nema da aure, don hakan ya fi sa ƙauna ta ɗore a tsakaninsu. Kowane kallo da muhallinsa.

Batun cewa mai kau da ido maƙaryaci ne kuwa, wannan na san ƙaryarsa da kuɗina. Wata shekara wani mutum ya zo shagona cikin babbar riga, ya ce zai aurar da ƙanwarsa, yana so in ɗauki hotunan biki tun daga kamu har buɗar kai. Ya kalle ni ido cikin ido, ko ƙiftawa ba ya yi, ya ce rabin kuɗi bayan biki. Na ƙona fim takwas, na wanke, na shirya a cikin albam biyu, ya aiko yaro ya karɓa, har yau ban sake ganinsa ba. A wannan shekarar kuma wani manomi daga wajen Gezawa, wanda tun da ya shigo yake kallon takalminsa, ya yi tafiyar rabin yini ya dawo mini da canjin da na ba shi fiye da ƙima. Ƙaramar 'yata mai aikin jinya, wadda ita ce ke karanto mini abubuwa a waya yanzu, ta ce su ma Turawan sun bincika. A 2003 wasu masana halayyar ɗan Adam a Amurka sun tattara bincike sama da 100 a kan alamomin ƙarya, suka tarar kau da ido ba ya nuna komai da za a dogara da shi. Ta ce kuma a Landan an gwada mutum kusan 500 a 2016, don a ga tsawon lokacin da mutum ke jin daɗin a haɗa ido da shi, aka samu daƙiƙa uku da 'yan kai. Wato ko a can, in ka ƙura wa mutum ido ya wuce haka, takura shi ka yi. A Japan ma ƙura wa babba ido rashin ladabi ne, kuma ba wanda ya ce mutanen Japan ba su iya aiki ba.

Yanzu bari in koma shago, don can na koyi abin da nake son faɗa.

Lokacin da ya fi kowane wahala a wurinmu shi ne lokacin shirin aikin Hajji. Za a kawo tsofaffin mata daga Minjibir, daga Ɗambatta, daga ƙauyukan da ban taɓa jin sunansu ba, a ce a yi musu hoton fasfo. Dokar fasfo kuwa ita ce fuska ta fito sosai, ido a buɗe yana kallon kyamara. Sai ka zaunar da baiwar Allah a kan kujera, ka ja farin ƙyalle a bayanta, ka ce, "Iya, ɗago ki kalli nan." Za ta ɗago haɓa, amma idon yana ƙasa. Ka sake cewa, ta ɗago idon kamar walƙiya ta mayar. Mace ce da ta shekara hamsin ba ta kalli namijin da ba muharraminta ba tsakar ido, ga ni ɗan saurayi sa'ar jikanta ina cewa ta ƙura mini. Fim kuwa hoto 36 ne a ciki, kowanne kuɗi ne, ba irin na yanzu ba da za ka ɗauki ɗari ka goge. In ka matsa mata da yawa, sai ta yi ta maza ta zare idon, hoton ya fito kamar na wadda aka kama da laifi.

Maigidana da ya koya mini aiki, Allah ya kai haske kabarinsa, shi ya nuna mini dabara. Ya ce kada ka ce ta kalli gilashi, gilashi ba kowa ba ne. Nemo wanda ya rako ta. Sai in ɗauko jikan da ya biyo ta in tsayar da shi a kan benci daidai bayan kafaɗata, in saita komai, in ce masa a hankali, "Kira ta." Yaro ya ce, "Inna!" A wannan ƙiftawar za ta ɗago, idon ya buɗe da kansa, ya yi taushi, ya yi ruwa-ruwa, ni kuma in danna. Da dare in na shiga ɗakin wanki, ƙarƙashin jar fitila, in tsoma farar takarda a ruwan magani ina girgiza faranti, abin da ke fara fitowa shi ne wurin da ya fi baƙi. Kafin hanci, kafin baki, kafin mayafi, sai ka ga ɗigo biyu sun bayyana a tsakiyar farar takarda suna kallonka. Na ga wannan sau dubbai, bai taɓa zame mini abin banza ba. Kuma tun daga ɗigon nan biyu nake gane ko hoton ya yi ko bai yi ba.

Akwai wani ɗan ɗigon haske da ke sauka a kan baƙin ido in ka ajiye fitila sama kaɗan ta gefe. Duk mai hoto ya san shi. In babu shi ido yakan fito kamar na kifin da ya kwana a tire. Wasu abokan sana'a sukan ƙirƙire shi da bakin reza, su ɗan kankare takarda. Na yi hakan ni ma, amma ban taɓa yaudarar kaina ba: ɗigon reza yana gyara hoto, ba ya sa wa ido rai. Na ɗauki mata masu dara-daran idanu farare tas kamar madara, hoton ya fito ba ya cewa komai, don babu wanda suke kallo sai kansu. Na ɗauki tsoho mai ƙananan idanu jajaye, ɗaya ma da hakiya, yana kallon ɗansa da ya dawo daga yaƙin Laberiya, hoton nan har mutane suna tsayawa a bakin shago suna tambayar ko wane ne. Abin da shekara 40 suka koya mini ke nan: kyan ido yana wurin wanda ake kallo da abin da ake ji game da shi. Girma da launi da tsawon gashin ido duk ƙari ne.

Hoton ango da amarya ma haka. Amarya ba ta kallon kyamara, ba ta kallon ango, ƙawaye na ta tsiya suna ɗaga mata haɓa. Ni ban cika matsawa ba. Nakan yi kamar ina gyara fitila, yatsana na kan maɓalli, ina jira. In dai tana son sa, ko ba jima ko ba daɗe za ta saci kallonsa ta gefen mayafi. Rabin daƙiƙa ne. Wanda na kama, shi ne hoton da ake sa wa firam a rataye a ɗaki. Wanda kuma na jira har na gaji ba a saci kallon ba, nakan koma gida jikina a sanyaye, don labarin zuciya a tambayi fuska.

Akwai wani hoto da duk mai sana'armu ya sani, na manna shi a bangon shagona shekara da shekaru. Na wata yarinya ce 'yar Afganistan, Sharbat Gula, wadda Steve McCurry ya ɗauka a 1984 a sansanin 'yan gudun hijira kusa da Peshawar a Pakistan, mujallar National Geographic ta sa shi a bangonta a watan Yunin 1985. Tana da shekara kamar 12, da jan mayafi yagagge, da koren ido. Kowa ya shigo sai ya ce kai, wannan ido! Suna zaton launin ne ya kama su. Sai a 2002 aka sake gano ta, ta zama matar aure da 'ya'ya, har aka gwada zanen da ke kewaye da ƙwayar idonta da na'ura aka tabbatar ita ce, don wannan zane ba ya zama ɗaya tsakanin mutum biyu, kamar zanen yatsa. Da aka tambaye ta, abin da ta tuna game da ranar shi ne fushi. Baƙon namiji ne, ba a taɓa ɗaukarta hoto ba. Da na ji haka sai na tuna tsofaffin nan na lokacin Hajji, na ji kunya ta kama ni a madadin sana'armu. Duniya ta shekara 17 tana sha'awar idon, ba ta san yarinya ce mai kunya irin tamu aka sa ta kalli wanda ba ta so ta kalla ba. Koren ido suna da yawa a ƙasarsu. Abin da ya sa nata ya tsaya wa mutane a rai shi ne maganar da ke cikinsa.

Kusa da mu ma akwai abin lura. Fulanin Bororo na Nijar, Woɗaaɓe, suna taruwa a ƙarshen damina, wajajen Ingal a jihar Agadas, su yi bikin Gerewol. Samari ne ke yin kwalliya, su shafa jar ƙasa a fuska, su rambaɗa kwalli, su jeru suna rawa suna juya idanu don farin ya fito, suna washe haƙora. A wurinsu farin ido da farin haƙori su ne kyau. To amma 'yan matan da ke zaɓen gwani fa? Tafe suke a hankali, kai a sunkuye, ido a ƙasa, sai sun iso su nuna wanda suka zaɓa da ɗan motsin hannu. Kada wani ya ce ba su gani ba. Sun gani sarai, sun fi kowa gani. Haka Buzu yake naɗe fuska da rawani ya bar ido kaɗai, haka sarakunanmu ke ja amawali su rufe baki. In Sarki ya ɗago ido ya dubi mutum ɗaya a cikin taron hawan Sallah, mutumin zai shekara yana ba da labari. Kallon ya yi tsada ne saboda ba kullum ake samunsa ba. Da ma an ce, ido wa ka raina, ya ce wanda nake gani yau da gobe.

Tun da na ambaci kwalli, bari in yi wata 'yar ratse, don amana ce. Ina son kwalli. Tandun mahaifiyata na fata yana nan a akwatina. Hadisi ya yabi ismid, wani irin dutsen kwalli, ya ce yana ƙara gani yana tsirar da gashi. Sai dai ba duk baƙin dutse mai ƙyalli da ake niƙawa a kasuwa ne ismid ba. Da yawansa dutsen dalma ne. A 2012 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ba da rahoton wani jariri ɗan wata shida a birnin Boston, iyayensa 'yan Najeriya, da aka samu gubar dalma a jininsa. Da aka bi diddigi sai aka tarar tozalin da ake sa masa ne, wanda aka kai daga gida, kuma da aka auna shi kashi 82.6 cikin ɗari dalma ce. Mu da muka ga abin da gubar dalma ta wurin haƙar zinariya ta yi a Zamfara a 2010, inda yara sama da 400 suka rasu, bai kamata mu yi wasa da wannan ba. Jariri yana murza ido ya kai hannu baki. Ina roƙon ungozomomi da kakanni su bar idon jarirai haka nan, ai da kyansa ya zo. 'Yan matanmu kuma da ke sayen ɗan farantin roba mai launi a kasuwa suna mannawa a ƙwayar ido don su zama masu idon mage ranar biki, wata ma ta ara a wurin ƙawarta, su sani ido ba ya da na canji. 'Yata ta ce suna ganin masu zuwa asibiti da gyambon ido saboda wannan. Ga kuma manhajojin waya da ke ƙara wa ido girma su goge jijiyoyinsa. In aka nuna mini hotunan biki yanzu sai in ga amare goma da ido iri ɗaya, ba na iya gane 'yar wa ce.

Amma abin da ya fi damuna ya wuce kwalliya. Kwanaki na je asibiti a duba mini ido, muna zaune a layi, ga wata yarinya matashiya a benci na gaba tana shayar da jaririnta. Yaron ya kafe ta da ido, ko ƙiftawa ba ya yi, ya saki nono ya yi mata ɗan murmushi, ya sake kamawa. Ita kuwa idonta na kan waya, babban yatsa na ta ja. Na ƙirga a raina har ya yi haka sau uku, sannan ya juya ya kama kallon fanka. Ban ga laifinta ba, zamani ne ya zo mana da haka, ni ma 'ya'yana haka suke. Amma na ji zafin abin. Masana sun ce jariri sabon haihuwa ba ya gani sosai sai abin da ke tsakanin santimita 20 zuwa 30 daga fuskarsa, wato daidai tazarar da ke tsakanin ƙirjin uwa da idonta. An kuma gwada jarirai 'yan kwana biyu zuwa biyar a 2002, aka ga sun fi daɗewa suna kallon fuskar da ke kallonsu a kan wadda ta kau da ido. Wasu masana biyu 'yan Japan sun kwatanta idon mutum da na birai iri-iri a 1997, suka ga namu ya fi kowanne bayyana fari, abin da ke sa a gane inda mutum yake kallo tun daga nesa. Allah ya yi idonmu don a karanta shi. Wanda ya sunkuyar da kai gaban babba ya san da babban, saboda shi ma ya sunkuya. Wanda ya sunkuya a kan waya kuwa ya manta akwai kowa a wurin. Daga nesa su biyun kama suke yi, shi ya sa nake tsoron kada mu wayi gari mun rasa na farkon muna zaton yana nan.

Ga abin da na ce wa jikana. Na ce ba zan ce ka zubar da kunyarka ba, kuma ba zan ce ka zauna ba aiki ba. Ka koyi nasu kamar yadda ka koyi Turanci, ba ka manta Hausa ba. In ka shiga, ka yi sallama ka dubi kowannensu sau ɗaya. In ana tambayarka, dubi mai tambayar. In za ka ba da amsa, ɗago ka fara da idonka a kansa, in ya yi maka nauyi ka sauke kan gira ko karan hanci, ba zai gane ba. Muka yi ta gwadawa a zaure, ni ne manaja shi ne mai neman aiki. Ranar farko ko daƙiƙa biyu bai iya yi da ni ba, sai ya ce, "Alhaji, da wani ne da sauƙi." Su kuma masu ɗaukar aiki, musamman 'yan'uwanmu da suka tashi a gidaje irin namu suka hau kujerun nan, ina roƙonsu su tuna yadda su ma suke zama gaban iyayensu in sun je gida. Malaman makaranta ma haka. Kada a daka wa yaro tsawa a ce "kalle ni in ina magana" a aji, ya koma gida a mare shi don ya kalli babansa. A gaya masa dalilin kowanne.

Ban ce duk abin da muka gada daidai ne ba. Akwai inda kunyarmu take wuce gona da iri, kuma a gidana na gani. Mai ɗakina, Allah ya gafarta mata, ta yi kunyar 'yar fari irin ta mutanen da. Uwar wannan jikan nawa ita ce ta farin. Ba ta taɓa kiran sunanta ba, sai dai "ke" ko "yarinyar nan". Ba ta ɗaukarta gaban mutane, ba ta yi mata wasa, in ana yabonta sai ta tashi ta shiga ɗaki. Kakarta ce ta raine ta kusan gaba ɗaya. Yarinyar ta girma tana ladabi da biyayya, amma na san akwai abin da ke ranta, don ta taɓa ce wa ƙanwarta ita ba ta san kalar idon Inna ba.

Wata rana a 1982, da la'asar, na dawo daga ɗaukar hoton bikin suna, saura hoto biyu a fim ɗin kyamara. Na shigo soro ban yi gyaran murya ba. Tsakar gida ba kowa, surukarta ta shiga maƙwabta. Tana zaune a kan kujera 'yar tsuguno da rariya a cinya tana tankaɗe, yarinyar kuma, lokacin tana koyon tafiya, ta kama turmi ta miƙe tsaye tana tangaɗi. Hannun uwar ya tsaya cak a kan rariya. Ta saki baki kaɗan, ta zuba wa 'yarta ido, irin kallon da ban taɓa ganin ta yi wa kowa ba, har da ni. Na ɗaga kyamara daga cikin duhun soro na danna. Ƙarar ce ta sa ta juyo, ta ja mayafi, ta ce, "Haba Malam," ta ci gaba da tankaɗenta. Na wanke hoton na nuna mata, ta ce in na bari wani ya gani ba ta yafe ba. Na sa shi a ambulan na kulle.

Ta rasu a 2019. Bayan sadakar bakwai, da mutane suka watse, na kira babbar 'yar tawa ɗakina na miƙa mata ambulan ɗin. Lokacin tana da shekara 38, da 'ya'yanta biyar. Ta zaro hoton ta matsa bakin taga inda haske yake. Ta daɗe a tsaye ba ta ce komai ba, har na zaci ba ta gane ko su wane ne ba. Can ta sa gefen mayafi ta goge fuskar hoton, ba tare da ta juyo ba ta ce, "Baba, ashe Inna tana kallona."

Wassalam.

Naka,
Tsohon mai ɗaukar hoto,
Fagge, Kano.